Ranar da Na Yi Tafinta a Barandar Kotu

Ɗan ƙanena ya zo kwanan baya yana nuna mini wayarsa. Ya yi mata magana da Turanci, ta mayar masa da Hausa, ya dube ni yana dariya ya ce, "Goggo Mairo, ashe aikin da kika ƙarar da ƙuruciyarki a kai ke nan?" Ban yi fushi ba. Yawancinku haka kuke gani. A wurinku tafinta mutum ne da ya iya harshe biyu, a faɗa masa da wannan ya mayar da wancan, shi ke nan ya tashi aiki. To ku gyara zama in gaya muku yadda abin yake, ni da na yi shi a kotunan Yola da Jimeta har kaina ya yi fari.

Ban shiga kotu don in zama tafinta ba. Keken rubutu aka ɗauke ni in riƙa bugawa. Wanda ya janye ni daga kan keken shi ne Kawu Yusufu, tsohon tafintan kotunmu, mutumin unguwar Alkalawa ta Yola kamar mahaifina. Wata rana ya ji ina raba faɗa tsakanin wata mai tallan nono da masinjan kotu, ina yi wa wannan Fillanci, ina yi wa wancan Hausa, ina kuma amsa wa rajistara da Turanci ta taga. Ya kira ni ya ce daga gobe in riƙa zama a bayansa idan ana shari'a, kada in ce uffan, in saurara kawai. Na daɗe ina zaman nan kafin ya bar ni in buɗe baki a gaban alƙali.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Ƙamus ne guda biyu da bangonsu ya ɓare ya ɗinke da zare, da gorar ruwa, da goro a aljihu saboda barcin rana. Ƙamus ɗin ma a gida yake aiki da su, domin a kotu ba mai jiranka ka buɗe littafi. Abin da ya fi koya mini shi ne tsayuwa da murya. Ka tsaya inda alƙali zai ji ka, wanda ake tuhuma ma ya ji ka, amma ba inda hannunsa zai kai gare ka ba. Idan mai shaida ya ce "na gani", kai ma ka ce "na gani", kada ka ce "wai ya gani". Idan ya ɗaga murya, kai kada ka ɗaga. Idan yana kuka, ka dubi bango. Idan kuma aka jefo maka kalma mai fuska da yawa, ka tsaya ka tambaya wacce ake nufi, ko da alƙali zai harare ka.

Shari'ar wata rijiya ta Ngurore ce ta fara haɗa ni da kalmar da nake so in ba ku labarinta. Wasu maƙwabta biyu masu lambu sun yi rigima kan ban ruwa, ɗaya ya jefa mushen akuya a rijiyar ɗayan. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya karanta tuhuma, na ji ya ce "defile". Kawu Yusufu ya juya ya ce wa mutumin, "Ana tuhumarka da gurɓata ruwan sha." Ba a daɗe ba aka kawo wani mashayi da ya shiga coci a buge ya yi fitsari a gaban bagadi. Kalmar nan ta sake fitowa, Kawu ya ce, "keta alfarmar wurin ibada." Sai kuma ranar da aka kawo wani magidanci da wata ƙaramar yarinya da uwarta. Aka sake faɗin kalmar. Wannan karon Kawu ya sassauta murya har na bayan ɗaki ba su ji ba, ya ce, "lalata ƙaramar yarinya."

Da aka tashi na ce masa, "Kawu, kalma ɗaya ce fa na ji duk sau ukun."

Ya ce, "Ɗaya ce a wurinsu. Asalinta abu mai tsarki ko mai daraja a shafa masa ƙazanta, wadda ake gani da wadda ba a gani. Su sun zuba duka a ƙwarya ɗaya. Mu mun rarraba. Najasa daban, ruwa ke kawar da ita. Gurɓata daban. Keta alfarma daban. Lalata kuwa kin san abin da take nufi. Kowacce kika faɗa, wuta daban za ta kama a zuciyar mai ji."

Ya buɗe mini ƙamus ya nuna mini cewa kalmar har matsattsiyar hanya tsakanin duwatsu tana nufi, muka yi dariya. Sannan ya daina dariyar ya ce in lura da abu ɗaya. Mutanen gari da suka tsinci Turanci a rediyo da jarida ma'ana ɗaya tak suka sani, ta yarinyar nan, saboda a labarin kotu kawai suke jin kalmar. Kawu ya rasu kafin shekarar da na ga abin da yake nufi.

Ku da yawa kuna ƙanana a shekarar gudun hijira, ba za ku tuna yadda garin nan ya zama ba. Mutane suka yi ta kwararowa daga wajen Mubi da Michika, wasu a bayan motar shanu, wasu a ƙafa, ƙafafun sun kumbura. Makarantu suka cika, da coci-coci da harabar masallatai, duk wani kango da ba a gama ginawa ba sai ka ga an rataya zane a ƙofarsa. Ba ma kiran sunan masu abin, sai dai mu ce mutanen daji. Kullum ana cewa gobe za su iso Yola. A ƙofar kasuwa ana laluben jaka, a ƙofar masallaci ana laluben riga. Idan ka ga mutane sun taru wuri ɗaya, ba tambayar me ya faru za ka yi ba, canza hanya za ka yi, domin taro shi masu bam suke nema. Baƙon fuska kuwa ya zama abin tsoro, ga shi garin duk baƙin fuskoki ne.

A cikin wannan hali wani tsoho mai suna Malam Buba, mai gadin wata makabarta a Jimeta, ya zagaya da safe ya ga an tona ƙasa a kusurwar katanga. Ramin bai fuskanci inda kaburbura ke fuskanta ba, ba kuma wanda ya zo wurinsa neman diga ko shebur. Abin da ya faɗo masa a rai shi ne an binne bam ko bindigogi. Ya garzaya wurin jauro, wato mai unguwa, jauro ya kira 'yan sanda, sojoji suka zo suka kori unguwar gaba ɗaya. Aka buɗe ramin a hankali, kowa na jiran ƙara. Sai ga gawar yarinya ƙarama, an naɗe ta da zane, an sa tabarma a kai.

A kangon da ke bayan katangar akwai 'yan gudun hijira. Wani dattijo a cikinsu, manomi Kirista daga ƙauyukan Michika mai suna Baba Tizhe, ya fito da kansa ya ce shi ya haƙa, jikarsa ce. Matan kangon suka ce amai da gudawa ne suka kashe ta, likita ya duba ya ce haka ne. Ɗakin ajiye gawa a cike yake a lokacin, don haka aka mayar da ita ramin kafin a ji abin da kotu za ta ce. Shi kuma aka tafi da shi.

Ranar da aka kawo shi ni ce a bakin aiki. Kotun ƙarama ce, rufin kwano, tagoginta a buɗe saboda zafi. Tun da na iso na ga jama'a sun fi na kullum. Mutanen unguwar da aka kora ne da 'yan kasuwar da ke kusa, sun zo ganin mutumin dajin da aka ce an kama. Waɗanda ba su sami wuri a ciki ba suka jeru a tagogi. Aka shigo da Baba Tizhe, dogon tsoho ramamme, ƙafarsa ɗaya da silifa, ɗayar a ɗaure da tsumma. Na tambaye shi ko yana jin Hausa, ya ce yana ji idan an yi a hankali.

Mai gabatar da ƙara ya miƙe ya karanta da Turanci, da sauri kamar yadda suka saba. Na ji "wurin binne mutane", na ji "defile", na ji "gawar yarinya ƙarama". Kalmar da yarinyar sun zo kusa da juna a jimla ɗaya. Na juya na ce wa alƙali, "Ranka ya daɗe, kalmar nan tana da ma'ana fiye da ɗaya. Wacce mai ƙara yake nufi, kuma a kan me ta faɗa?" Alƙali ya tambaye shi, ya ce a kan makabarta ne, shiga ba izini da binne gawa a wurin da ba na addininsa ba. Ba abin da aka yi wa yarinyar.

Amma kafin mu gama wannan, wani mutum a taga, daga muryarsa ɗan kasuwa ne, ya riga ya juya ya ce wa na bayansa, "Dem say e defile small girl for burial ground!" Na ji shi sarai. Na ji kuma wani ya karɓa da Hausa daga nesa, "Wai ya lalata yarinya a makabarta!" Tagogin suka fara yin haske, mutane na barinsu suna komawa fili.

Aiki ba ya tsayawa don tafinta ya ji tsoro. Na fuskanci tsohon na ce, "Baba, ana tuhumarka da shiga makabarta ba izini, ka haƙa rami ka binne gawa, abin da masu wurin ke ganin keta alfarmarsa ne. Ka gane?"

Ya ce, da irin Hausarsu, "Na gane. Yarinya ya mutu da asuba. A garinmu muna binnewa a bayan gida. Nan ba ni da bayan gida. Na leƙa katanga na ga kabari da yawa, na ce bari ya kwanta kusa da mutane."

Ina cikin mayar da wannan da Turanci dutse na farko ya sauka a kan kwano. Kun san ƙarar dutse a rufin kwano. A shekarar nan kuwa, kowa da ke ɗakin sai da ya duƙa, har alƙali. Na biyu ya biyo, na uku ya shigo ta taga ya fasa agogon bango. A waje labarin ya riga ya girma. Yanzu cewa ake yi ya lalata ta, ya kashe ta, ya binne ta a cikin kaburburan Musulmi don ya ɓoye. Ana ihu a fito da shi.

'Yan sandan kotu ba su da yawa, an kwashe yawancinsu zuwa shingayen bincike. Odali, ɗan sandan da ke tsaron alƙali, ya tura Baba Tizhe cikin ɗan ɗakin ajiye fayil ya kulle, ya sa benci ya tokare ƙofar baya. Rajistara na ta kiran waya, ana ce masa mota na zuwa. Na leƙa ta gefen taga na ga wani ya mirgino tsohuwar taya, wani na biye da shi da jarka.

Alƙalin mutumin wajen Numan ne, Kirista, mutum mai natsuwa. Hausarsa ta kasuwa ce, Fillanci kuwa ko gaisuwa bai iya ba. Ya kira ni gefe. Ya ce, "Madam Mairo, idan na fita ni kaɗai za su ce ina kare ɗan'uwana ne. Idan ba wanda ya fita, za su ɓalle ƙofar nan kafin mota ta zo. Zan fita in yi magana. Ba zan tilasta miki ba, amma ba za su ji ni ba sai da ke."

Ina da yara a gida a lokacin, ƙaramarsu ba ta daɗe da shiga firamare ba. Na sha ruwa, na gyara mayafina, na ce ya wuce gaba.

Ban taɓa ganin fuskoki da yawa haka suna kallona ba. Filin kotun ya cika har bakin titi, masu Keke Napep sun tsaya sun hau kan rufin kekunansu. Warin fetur ya iso barandar. Abin da ya fi tsorata ni ma ba duwatsun ba ne. Idona na ta bin jama'ar nan ina neman wanda ya sa riga mai kauri ko ya rungumi jaka, domin na san in akwai mai neman taro a garin nan, yau ya samu.

Alƙali ya fara da dogon Turanci kan doka da oda da haƙƙin wanda ake tuhuma. Na mayar da jimlar farko, ihu ya haɗiye ta. Na juya na ce masa a hankali, "Ranka ya daɗe, gajarta. Fara da yarinyar." Ya gyaɗa kai.

Ya faɗa, na faɗa. "Yarinyar jikarsa ce." Na maimaita da Fillanci. "Ciwon amai da gudawa ne ya kashe ta." Na maimaita. "Likita ya duba ta, ba wanda ya taɓa ta." Na gaba-gaba suka ɗan yi shiru don su ji, na baya suna ci gaba da turowa.

Wani ƙato mai jar hula ya ɗaga hannu ya ce, "Ƙarya kuke yi! Da kunnenmu muka ji an ce difayil! Mun san abin da ake nufi da difayil, ba jahilai ba ne mu!"

Na mayar wa alƙali. Ya dube ni ya ce, "Ki yi musu bayanin kalmar." Duk tsawon aikina ban taɓa yin magana da bakina a gaban kotu ba sai ranar, kullum maganar wani nake ɗauka. Na ce, "Malam, ba ka yi ƙarya ba, an faɗi kalmar. Ni ma na ji ta. Amma ba a kan yarinyar aka faɗe ta ba, a kan makabarta aka faɗa. Bature da kalmar nan yake cewa an gurɓata rijiya, da ita yake cewa an keta alfarmar masallaci ko coci, da ita kuma yake faɗin wancan mugun abin da kuke nufi. A nan cewa aka yi ya binne gawa inda bai kamata ba. Wallahi iyakar abin da ke cikin tuhumar ke nan."

Ban ga wanda ya jefo ba. Na dai ji kamar an buga mini taɓarya a saman gira, sai ɗumi ya gangaro mini a ido. Na dafe ginshiƙi ban faɗi ba. Wata tsohuwa a gaba ta ƙwalla ƙara da Fillanci tana cewa wannan ai 'yar Modibbo Hammadu ce ta Alkalawa, wane marar kunya ne ya jefi 'yar malam. Wasu suka juya suna neman mai jifan, turereniyar ta ɗan lafa.

A nan ne Malam Buba mai gadi ya fito daga cikin kotu, inda yake zaune yana jiran a kira shi shaida. Ba wanda ya sa shi. Ya tsaya kusa da ni ya fara magana da Fillanci, muryarsa ba ta da ƙarfi, sai na riƙa ɗaga ta da Hausa, mayafina a danne a goshi.

Ya ce, "Ni na kai ƙara. Ni na ga ramin, na zaci bam ne, tsoro ya sa na gudu wurin jauro. Ina tsaye aka buɗe. Na yi shekaru ina karɓar gawa, na san wadda aka yar, na san wadda aka shirya. Wannan an wanke ta, an rufe mata ido, an naɗe ta da zane mafi kyau da suke da shi. Wanda ya yi wannan ba mugu ba ne. In kun ƙona shi, ni na jawo, ku fara da ni."

Ba zan ce muku maganarmu ce ta kori mutanen nan ba, don ban sani ba. Na gaba sun yi sanyi, na ga mai jar hula ya sauke hannunsa. Amma na baya ba su ji komai ba, mai jarka kuma bai ajiye ba. Ana cikin haka sai wani abu ya yi ƙara a bakin titi, daram! Daga baya aka ce tayar wata babbar mota ce ta fashe. A lokacin ba wanda ya tsaya tambaya. Wani ya ce "Bam!" sai filin ya watse kamar an zuba ruwa a gidan tururuwa. Mutane na tattake juna, keke ya kife, mata na kiran sunan 'ya'yansu. Ni da alƙali da Malam Buba muka kwanta a ƙasan baranda, fuskata a siminti, ina kalmar shahada ina jiran ƙara ta biyu.

Da muka ɗago, ba kowa a filin sai takalma da huluna, da jarkar nan a kife, fetur na bin ƙasa. Motar 'yan sanda ta iso bayan haka, aka fitar da Baba Tizhe ta baya an lulluɓe shi da bargo. Ni kuma aka kai ni aka yi mini ɗinki. Tabon ne wannan da kuke gani kuna zaton na ƙuruciya ne.

Da aka dawo zama na gaba, an sa sojoji a ƙofa, an rufe tagogi. Liman da jauron unguwar suka zo suka ce ba su da ƙorafi, yarinya ce ƙarama, a bar ta inda take, tono na biyu ya fi na farko muni. Alƙali ya yi wa tsohon gargaɗi ya sallame shi. Na mayar masa da hukuncin, ya ce ya gode, amma bai tafi ba. Ya jira har ɗakin ya yi sauƙi, ya matso kusa da ni yana kallon filastar da ke goshina.

Ya ce, "'Yata, ranan nan ina cikin ɗaki, ina jin ihu, ban gane ba. Me suna cewa na yi?"

Na ce, "Baba, kuskuren ji ne, ya wuce."

Ya ce, "An fasa miki kai saboda ni. Faɗa mini."

Mutum yana da haƙƙin ya san abin da aka faɗa a kansa, aikin ke nan tun farko. Na sassauta murya na gaya masa, da kalmomi masu sauƙi yadda zai gane. Ya tsaya kamar bai ji ba. Sannan ya zauna a kan benci a hankali, ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu. Can ya ce, "Na goya shi daga garinmu har nan. Uwansa mun rabu a daji, ban san inda yake ba." Na dubi bango.

Ya roƙe ni in raka shi makabartar, saboda yana tsoron zuwa shi kaɗai, kuma yana so ya yi magana da mai gadi. Muka je da la'asar. Ni mace ce, ban shiga ba, na zagaya ta waje na tsaya a daidai kusurwar, inda katangar ta gajarta, ina ganinsu suna jina. Ramin da aka bari a buɗe-buɗe ba haka muka same shi ba. Malam Buba ya ƙara masa ƙasa ya daddaɓe, ya jera duwatsu a gefe, ya saro ƙaya ya rufe saman saboda karnuka.

Suka tsaya su biyu, tsofaffi, ba mai jin harshen wani sosai. Malam Buba ya ce in tambaye shi sunan yarinyar.

Baba Tizhe ya ce, "Kuve."

Malam Buba ya gwada faɗa, bai daidaita ba, ya sake, har tsohon ya gyaɗa kai. Sannan Baba Tizhe ya ce in gaya wa Malam Buba, za a kai su wani sansani, bai san inda zai ƙare ba. Idan wata mace ta zo wata rana tana neman yarinya mai wannan suna, a nuna mata wurin. Na mayar da Fillanci ta saman katanga. Malam Buba ya ce ya ɗauki alkawari.

Ban sake ganin Baba Tizhe ba. Uwar ba ta zo ba har Malam Buba ya rasu, amma kafin ya kwanta ciwo ya kai wanda ya gaje shi kusurwar ya koya masa sunan. Ni ma har yau, ko a kasuwa ko a asibiti, in na ji mace ta ce daga wajen Michika take kuma ta rasa 'ya a shekarar nan, sai na matsa kusa na tambaye ta yaya sunan yarinyar.